Wannan Ne Na Ƙarshe

Da kunne na sayi motar nan. Dillalin ya san irina, don haka bai ɓata yawunsa wajen yabon fenti ko kujeru ba. Maɓalli kawai ya danna, ya taka totur sau biyu, salansa ta saki wani gurnani mai kauri da na ji shi har cikin haƙarƙarina. Leƙa ƙarƙashi da shurin taya da na yi ta yi bayan nan, duk burga ce. Ciniki ya riga ya faɗa a zuciyata.

Bajamushiya ce ƙirar 2008, silinda shida a jere, turbo biyu, ƙarfin doki kusan 300. A Amurka ta ci ƙuruciyarta, ta kawo mini tsufanta Kano. Na sayar da Corolla ɗina, wadda ta shekara shida a hannuna ba ta taɓa kwana a gareji ba, na cika da kuɗin bulon da nake tarawa. Wani aminina ya tambaye ni: "Wai kai ba ka yi mamakin yadda mota irin wannan ta yi araha haka ba?" Na ce a raina hassada ce.

A watan Fabrairun 2023 aka yi haka. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Ita kuwa baiwar Allah ba ta san an yi ba, shanta take yi kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma.

Safiyar farko na ɗaga bonet zan duba baƙin mai, yadda Baba ya koya mini. Na yi lalube har na gaji, babu sandar awo. Ashe a allon gaban direba take faɗa, shi ma sai injin ya ɗauki zafi. Na buɗe but, babu safaya, sai batir a ɓoye a gefe. Da yamma na je majalisa na tsara musu waɗannan a matsayin alamun ci gaba.

Famfon ruwa ne ya fara. Na lantarki ne, ba ya kuka ba ya ɗiga, mutuwar fuju'a yake yi. Ina tsakiyar cunkoso wuta ta kawo ruwan ɗorawa, kafin in gama salati ta koma ja, mota ta sace ƙarfinta. Ina tsaye da babbar riga masu adaidaita sahu suna ratsa ni, ɗaya har da leƙo kai: "Alhaji, a kai ka?" Bayan shi sai famfon da ke tura fetur da matsi, wanda ya sa kullum da safe sai ta yi ta tari kafin ta tashi. Sai kwayil da fulogi. Sai baƙin mai ya fara tsiyaya kan bel. Sai turbo ta soma wata ƙara kamar an jefa cokali a gwangwani.

Bakanikena ba ya kasa kunne ga inji irin na mutanen da, kwamfuta yake jonawa. Ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ce, "Alhaji, goma sha ɗaya ta nuna. Da wacce za mu fara?" Shi ma Alhaji yake ce mini, alhali kuɗin kujerar Makkan a garejinsa suka ƙare. 'Yan Ƙofar Ruwa, masu sayar da kayan gyaran mota, yanzu daga nesa suke miƙo mini benci. Abin da babu a wurinsu sai a aika Ladipo a Legas, in zauna jiran motar dare, farashi kuma yana bin dala ƙafa da ƙafa. Rabin kayan ma beljiyam ne, wato an ciro su daga gawar wata irin tawa, wadda mai ita ya riga ni hankali.

To gudun fa? Agogonta ya rubuta har mil 160. Ni kuwa a layinmu, saboda cikinta ya kusa taɓa ƙasa, a karkace nake hawa tudun rage gudu, wani lokaci sai yara sun sauka tukuna.

Na daɗe ina cewa son mota ne ciwona. Ƙarya nake yi. Ciwona shi ne bakina ba ya iya furta "na yi kuskure". Duk kuɗin da na zuba sai ya zama hujjar zuba wani, don in na sayar yanzu, aminin nan nawa ya yi gaskiya ke nan. Kowane gyara sai in shigo gida in ce, "Wannan ne na ƙarshe." Uwargida ba ta taɓa musa mini ba. Rannan na lura da wasu 'yan ɗigo-ɗigo na biro a jikin kalandar ɗakin girki, na tambaye ta. Ta ce, "Na ƙarshenka ne nake ƙirgawa, Malam. Jiya muka cika sha huɗu."

Abin ya taɓa ni. Na kira dillali na ce a nemo mai saye. Ranar Asabar ya zo da wani saurayi, sabon ma'aikaci, idonsa na ƙyalli irin nawa na wancan Fabrairun. Ya ce, "Baba, a ɗan tayar mu ji." Na danna maɓalli, na taka totur sau biyu. Ranar kuwa kamar ta san da baƙo, ba tari ba ƙarar cokali, sai gurnanin nan tsantsa. Yaro ya fara lalubar waya zai tura kuɗi. Ni kuma na ji bakina ya ƙara miliyan ɗaya a kan farashin da muka yi da dillali.

Sun tafi suna ƙunƙuni. Da na juya zan rufe ƙofa, na hango wani sabon ɗigon mai a kan siminti, daidai ƙarƙashin inji. Ƙaramin abu ne, na tabbata roba ce kawai. Na faɗa wa uwargida haka, ta miƙa hannu ta ɗauko biro.