Yadda Ake Raka Turmi Zuwa Turai

A Babban Mutum da ke ƙaramar hukumar Ɓaure, tsallaka iyaka ba baƙon abu ba ne, tunda Magarya ta Nijar tana nan kusa. Amma ranar da 'yarka da ke aure a Ingila ta yo waya tana son turmi da taɓarya, da muciya, da allon da jikanka zai fara karatu, to turmin nan ya zama babban matafiyi, sai an yi masa shiri.

Na ɗaya, tambayi masassaƙi asalin itacen. Idan ƙirya ce, madalla, ita ce sarauniyar turame, kamar yadda aduwa ta yi suna wajen allo. Idan ya ce madobiya, tsaya tukuna. Tun 2017 ta shiga jerin CITES, yarjejeniyar duniya mai kare itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, saboda irin saran da aka yi mata ana lodi zuwa ƙasar Sin. A 2022 aka ƙara maɗaci da kawo. Ɗan kwastan na Turai ba ya jin "ai itace duk itace ne."

Na biyu, binciki fasinjojin ɓoye. Shimfiɗa baƙin ƙyalle, ka ɗora turmin ya kwana biyu. In ka ɗaga ka ga gari mai laushi ya zubo daga 'yan huduji kamar na allura, to akwai ƙwaro a ciki, kuma ba shi da biza. A kankare ɓawon tas, a bar itacen ya bushe sarai. Ostareliya ta fi kowa tsanani a nan: in ta ga alamar ƙwaro, ko a yi wa kayan magani da kuɗin mai shi, ko a hallaka su. Suna da hujja, domin ƙwaro ɗaya kan jawo wa daji guda annoba.

Na uku, aika sabo. Turmin da ya sha dakan gero da daddawa yana ɗauke da ragowar abinci a tsagoginsa, karnukan filin jirgi kuma ba sa raina ƙamshi. Akushin kaka kuwa ya zauna gida. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba izini. In sabon ya yi kama da tsoho, je Gidan Makama a Kano a duba shi.

Na huɗu, nemi takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar killace kayan gona ta ƙasa, bayan ka sa 'yar taka ta tambayo abin da ƙasar da take ke buƙata. Kada ka sa kafinta ya buga akwatin ɗanyen katako. Ƙa'idar duniya ta ISPM 15 ta ce sai an yi wa katakon akwati magani, misali zafi ya ratsa cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, an buga masa hatimi. Kwali mai kauri ya raba gardama. A cusa tsumma ko tsohuwar jarida, ban da ƙaiƙayi, ban da kara.

Na biyar, cika fom ɗin kwastan na gidan waya, CN23, da gaskiya: turmi ɗaya, itacen ƙirya, sabo, aikin hannu, ga kuɗinsa. Wanda ya rubuta "kayan gida" kawai, shi ya gayyato a yage masa kwali. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na ƙarshe, ƙirya nauyi gare ta, kuɗin jirgi zai ninka kuɗin turmin sau da yawa. Tunda za ka iya biyan wannan, kada ka tsaya taya masassaƙi da rabin farashi. Shi ya yi ta saran gizago cikin rana har gungume ya zama turmi. Ka biya shi da kyau, damina na sauka kuma ka dasa ƙirya a gefen gona, don jikokinsa su sami abin sassaƙa.