Namu Ne, Kafin Ya Faɗi

A Azare akwai wani irin zumunci da ba ruwansa da jini ko auratayya, nasara kawai yake tambaya. Kamaru Usman ya shige shi ranar 2 ga Maris, 2019, da ya ƙwace kambun ajinsa na gasar UFC daga hannun Tyron Woodley a Las Vegas. Kafin hantsi ya yi dangi a kowane teburin mai shayi, daga bakin tasha har hanyar Misau. An ji Kamaruddini, an ji Usman, magana ta ƙare. Har da mai rantsuwa cewa wannan goshin na mutanen Katagum ne. Batun cewa a Auchi ta jihar Edo aka haife shi, kuma tun yana ɗan shekara 8 aka tafi da shi Amurka, ba wanda ya ga dalilin tono shi.

Wasan dai faɗa ne a cikin keji mai kusurwa takwas. Naushi, shuri, kokawa da shaƙe wuya duk an yarda da su, kuma in kambu ake nema turmi biyar ake yi, kowanne minti biyar. Nan da nan majalisu suka haifi masana. Mutumin da rabonsa da faɗa tun firamare, wanda in rago ya tsinke igiya yara yake ƙwala wa kira, shi ne zai ajiye kofin shayi ya miƙe yana nuna yadda ya kamata a karya hannun ƙato. Shi ne kuma in ka ce masa ana dambe bayan girbi, sai ya yatsine fuska ya ce wasan mahauta ne. Da Shagon da Ɗan Anace ya yi wa waƙa ya samu gajeren wando mai tambari da bizar Amurka, da wannan masanin ya haddace tarihinsa har ranar sunansa.

Sai ga daren Asabar 20 ga Agusta, 2022, gasar UFC 278 a Salt Lake City. Usman ya riga ya kare kambunsa sau biyar, ya ci wasa 15 a jere a UFC, saura ɗaya ya kamo tarihin Anderson Silva. Abokin karawarsa Leon Edwards, haifaffen Jamaika da ya tashi a Birmingham ta Ingila, ya taɓa shan kashi a hannunsa a 2015. A agogon Nijeriya manyan wasannin sun fara ƙarfe 3 na dare, babban kuwa sai wajen asubahin Lahadi. Mutanen da ladan ya gaji da tashinsu, waɗanda uwargida ke yayyafa wa ruwa kafin su motsa, ranar idonsu biyu garau, sun yi cincirindo a kan waya ɗaya mai fasasshen gilashi, ana faɗan wanda zai sayi data.

Bayan turmin farko Usman ya yi ta murƙushe Edwards. Aka shiga na biyar dangi na ta gyara hula, wasu har sun fara rubuta barka a Facebook. Saura daƙiƙa 56 a tashi, Edwards ya yi kamar zai kai naushin hagu, Usman ya kauce, ƙafar hagu ta same shi a kai. Ya zube bai ko shura ba. A gidan dambe wannan shi ake kira kisa.

Zumuncin bai kai fitowar rana ba. Mai rantsuwa da goshi ya tuna cewa shi dama tun farko bai yarda da yaron ba. Wani ya gano Auchi a taswira, ya auna nisanta da Azare. Wani ya ce ai ɗan Amurka ne, bai san tuwon dawa ba, ina zai samu ƙwarin wuya? Masu ra'ayin asiri suka ce ba banza ba, ƙafar nan an yi mata aiki, sai dai ba su faɗi ko a Birmingham malamin yake ba. Mai shayi kaɗai bai sauya matsayi ba, don littafin bashinsa na daren ya cika shafi biyu, kuma duk wanda ya ci Indomie da ƙwai da sunan in Usman ya ci zai biya, ya sulale.

Maraicin bai daɗe ba. Ranar 22 ga Oktoban shekarar, a Abu Dhabi, wani ɗan Dagestan ta ƙasar Rasha ya shaƙe Charles Oliveira ya ɗauki kambun wani ajin. Sunansa Islam Makhachev. Majalisa ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan mai rantsuwa da goshi ya matso da wayar kusa da idonsa, ya ƙura wa gemun ido, ya tambaya ko akwai wanda ya tuna wani kakansu da ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba.