Yadda Za Ka Yi Wa Kanka Jere A Minecraft, Ko Da Rai Zai Fita

Masu koyar da Minecraft a fannin neman tsira duk bakinsu ɗaya: sari itace, ƙera diga, haƙa rami, toshe ƙofa kafin rana ta faɗi. Gaskiya suka faɗa, domin yinin wasan da darensa duka minti 20 ne, kuma duhu na shiga gawawwaki masu tafiya da ƙwarangwal mai kwari da baka za su fito kiwo. Abin da ba sa gaya maka shi ne na bayan nan. Ranar da akwatinka ya cika da gasasshen nama, ka waiga ka ga bangon ƙasa huɗu da murhu ɗaya tal, zuciya za ta ce maka, "Ashe a kabari kake kwana?" Daga ranar ka bar sahun mafarauta, ka shiga na 'yan jere. Sai dai amarya tana da gwaggo da inna da ƙawaye masu ɗauko kaya. Kai kuwa kai ne amaryar, kai ne ubanta, kai ne kafinta, kai ne kuma jakin.

Fara da kujera, ita za ta karya maka girman kai. Markus Persson, mutumin Suwidin, ya fito da wasan a 2009, Microsoft ya sayi kamfaninsa na Mojang a 2014 kan dala biliyan 2.5, an sayar da kwafi sama da miliyan 300, amma duk wannan dukiya ba ta sayi kujera ko ɗaya ba. Babu ita a wasan. Abin da ake yi shi ne a ajiye matakala guda, a manna mata allo hagu da dama a matsayin hannu, a ja baya a ce ma sha Allah. Ba a zama a kanta. Tebur kuwa sandar shinge ce aka kifa wa faifan katako irin na ɗana tarko. Jera kujeru shida kewaye da shi, domin baƙin da ba za su zo ba su samu wurin da ba za su zauna ba.

Sai kafet, kuma a nan ake rasa maza. Ulu biyu na ba da kafet uku, lissafi mai sauƙi. Kada ka yanka tunkiya don gashinta, guda ɗaya za ka samu. Ƙera almakashi da ƙarfe biyu ka yi mata aski, ta ba ka ɗaya zuwa uku, ta ci ciyawa gashin ya dawo. Idan ma ka rina tunkiyar kanta, to har abada da launin gashinta zai riƙa tsirowa, abin da ko marinan Ƙofar Mata ba su yi wa kowa alkawarinsa ba. Matsalar tana wajen launi. Guda 16 ne, kuma ka riƙe wannan doka: wanda ya dace da ɗakinka shi ne wanda babu kayansa a kusa. Ja da rawaya ga furanninsu a ƙofar gida, saboda haka ba za su burge ka ba. Kore za ka so. Shi kuwa sai ka je hamada ka saro tsiron nan mai ƙaya da ake kira kaktus, ka dawo ka gasa shi. Ruwan ƙasa sai ka shiga kurmi neman koko. Tafiyar kwana uku ce, wataƙila huɗu, kuma a hanyar dawowa za ka faɗa rami. Idan ka mutu, duk abin da ke jikinka zai zube a wurin, ya ɓace bayan minti 5 da isarka yankin. Shawarata: in ka koma tsintar kayan, fara da kaktus. Takobi ana ƙera wani.

Don kada a ce ban yi adalci ba, kafet yana da rana ɗaya: dodanni ba sa ɓullowa a kansa. A duk kayan jeren nan, shi ne kwalliyar da ta biya kuɗin sabulu.

Hoton bango sanda 8 ne da ulu ɗaya. Ba kai ke zaɓar zanen ba. Wasan ne ke duba faɗin bangon ya maƙala maka abin da ya ga dama, yawanci daga zanen wani ɗan Suwidin mai suna Kristoffer Zetterstrand. Cire, mayar, cire, mayar, har wanda kake so ya fito. Kada ka duba ma'aunin yunwa a wannan lokaci, zai raba maka hankali.

Game da haske, sandar wuta tana da ƙarfi 14, tana da arha, tana korar duhu sarai, saboda haka mai jere na gari ba ya ƙaunarta: ɗaki sai ya zama kamar tashar mota. Kyandir ne abin yayi. Guda ɗaya ƙarfinsa 3, kuma kafin ka same shi sai ka yi ciniki da ƙudan zuma kan saƙarsu. Tun sauyin ƙarshen 2021 dodanni ba sa fitowa sai inda haske ya kai sifiri, wato lungun bayan kantar littattafai, daidai inda kyandirinka bai kai ba. Wanda ya fi ƙarfin hali sai ya tsallaka Nether, duniyar wuta, ya maƙale a rufin kogo bisa tafkin narkakken dutse yana ɓanɓaro dutse mai sheƙi don fitilar falo. Ban hana ka ba. Abu ɗaya na hana: kada ka kunna tsirarar wuta a murhun ado cikin gidan katako mai shimfiɗe da ulu. Na gwada. Gidan ya yi kyau ƙwarai na kusan minti ɗaya.

Kantar littattafai tana da hujja, domin guda 15 ke kai teburin tsafin makamai matuƙar ƙarfinsa. Amma yi lissafi: kowace kanta littafi 3, kowane littafi takarda 3 da fata ɗaya. Fata 45 ke nan, da takarda 135 da ake yi da rake. Saniya ba ta wuce fata biyu, wani sa'in ko ɗaya babu. Garke guda zai tafi lahira don a ce kai mai ilimi ne, kuma littattafan ba sa buɗuwa. Wannan kam ba a wasa kaɗai ake yin sa ba, amma mu bar zancen.

Yanzu ka samu lu'ulu'unka na farko bayan wahalar haƙa. Masu hankali za su ce ka tara uku ka yi diga. Kai ka sa shi a garmaho: katako 8, lu'ulu'u ɗaya. Saura faifan waƙa. Hanya mafi shahara ta samunsa ita ce ka sa ƙwarangwal ya harbe Creeper, koren baƙon nan da ba ya sallama, wanda ke lallaɓowa ya yi huci ya fashe. Asalinsa ma kuskure ne, alade aka so ƙerawa ya fito a tsaye. To za ka tsaya ne a fili cikin dare, mai harbi a gabanka, mai fashewa a tsakaninku, kana zillo kana gyara musu layi, duk don kiɗa mai sanyi a falon da babu kowa. Idan wani ya ambaci mai neman gira da ya rasa ido, ka ce hassada ce.

Masu kewar jeren kwalla da samira, an tuna da ku a 2023, lokacin da aka shigo da tulun ado. Ana haɗa shi da tsingaro huɗu masu zane, waɗanda ake sharowa da burushi daga cikin yashi a tsofaffin kufai, ciki har da dalar hamada. A ƙarƙashin dalar akwai nakiya tara da faifan tarko a tsakiya. Irin faifan teburinka ne, na dutse, kada sabo ya sa ka taka.

Na san za a ce a Valheim, wasan mayaƙan Viking da ya fito a 2021, ado yana da riba: kujera da tuta da shimfiɗa suna ƙara makin jin daɗi, kowane maki kuma yana ƙara minti ɗaya ga ƙarfin da hutu ke bayarwa. Wannan ai kasuwanci ne. Mu don Allah muke yi.

Gado shi ne ƙarshen jere: ulu 3, katako 3, kuma nan kake farfaɗowa idan ka mutu. Ka bar masa wurin saukowa. Wanda ya kewaye gadonsa da kanta da tulu da akwati ta ko'ina, ran da ya mutu can inda ya fara wasan za a jefar da shi, ba riga ba wando, ya nemi hanyar gida.

Saura dabbobin gida. Kyanwa ana sayen zuciyarta da ɗanyen kifi, Creeper yana gudunta, ladanta kuma shi ne ta hau akwatinka ta zauna ya ƙi buɗuwa. Aku yana rawa idan garmaho na kiɗa, biskit na kashe shi, kuma yana kwaikwayon kukan dodannin da ke kusa, har da hucin Creeper. Kwana biyun farko duk hucin da ya yi sai ka yi tsalle. Daga baya ka saba.

Ni ranar da na gama nawa jeren, na lura kyanwar ruwan goro ce, ba ta shiga da koren kafet ba, sai na kai ta ɗakin ajiya na zaunar. Na dawo na buɗe ƙofa don hasken yamma ya shigo, na ja da baya zan ɗauki hoto. Na ji huci a bayana, na ce, "Aku, ka yi mana shiru mana."

Akun yana gabana, a kan tebur.