Taubashi, A Ɗora Tukunyar Ɓaure

Izmir,
Turkiyya.

Zuwa ga taubashina, sarkin gardama na Gaya,

Ina fata kana lafiya, da Gwaggo da uwargidanka da yara, da su Kawu can Ajingi. Gyara zama, bawan gidanmu, yau ƙara na kawo, kuma kai ne wanda ake tuhuma. Laifinka shi ne kowace shekara ɓaure yana nuna a bakin fadama, ya zube, jemagu su ci na dare, awaki su ci na rana, sauran ya ruɓe, kai kuwa ka ratsa ta gindinsa ka tafi wurin mai shayi ka ci biredi gaya. A ganina wannan asara ce da tukunya ɗaya za ta tare, idan aka dafa ɓauren da sukari ya zama jam.

Dubi yadda mutanen nan suka riƙe shi. Turkiyya ce kan gaba a duniya wajen noman ɓaure, kuma mafi shahara shi ne na lardin Aydin da ke maƙwabtaka da Izmir, wanda Tarayyar Turai ta yi wa rajistar suna a 2016, don kada wani ya sayar da nasa da sunan garin. A watannin Agusta da Satumba ake tsince shi, a shanya wani a rana, mata su dafa wani a gida su ɗura a kwalabe, a yi ta karya kumallo da shi har sanyi ya wuce. Ɗan itacen da Allah Ya rantse da shi a Suratut Tini ke nan, su sun mai da shi abincin shekara da hajar kasuwa, ku kun bar wa akuya gādo.

Na san bakinka, za ka ce mai cin ɓaure ba ya tona cikinsa. To, mu tona. Furen ɓaure a cikin ɗan yake, a rufe, kuma wani ƙwaro ne ɗan mitsitsi yake shiga ta ƙofar da ke ƙasansa ya kai masa garin fure. Manoman Aydin sun san haka sarai, shi ya sa a watan Yuni suke shirya 'ya'yan namijin ɓaure su rataya a rassan macen, don ƙwaron ya fito ya yi aikinsa. Abin da kake yamutsa fuska a kansa, su kuɗi suke sa wa su sayo. Tsutsar ruɓa kuwa daban take, maganinta ido da wuƙa: a tsinko nunanne tun yana sama, a tsaga kowane biyu, a kankare cikin da bai yi ba, a zubar da wanda ya lalace, a wanke sauran tas. Matan da suke tsince tsakuwa daga shinkafa ɗaya bayan ɗaya ba za su gaza wannan ba.

Za ka sake cewa ai namu ba irin nasu ba ne. Gaskiyarka, namu ya fi ƙanƙanta, bai kai nasu zaƙi da tsoka ba. Amma irin namun ne Misirawa suka noma tun zamanin Fir'aunoni, har suka gano cewa idan aka ɗan tsaga ɗanyen da wuƙa yana kan bishiya, yakan nuna da wuri, kuma har yau ana cin sa a Masar. Ƙarancin zaƙi kuwa ba aibi ba ne ga abin da za a dafa da sukari. A samu kilo ɗaya na tsagaggen ɓaure, a barbaɗe shi da sukari kusan nauyinsa, a rufe ya kwana. Da safe za ka tarar ya tsatso ruwansa da kansa. A ɗora a wuta marar ƙarfi, ana juyawa da muciya kada ya kama, ana kwashe kumfa, sannan a matse lemon tsami biyu ko uku, domin ɓaure ba shi da tsami, tsamin kuwa shi ke taimaka masa ya kama jiki ya kuma daɗe. Alamar ya yi ita ce ka ɗiga shi a faranti, ya huce, ka karkata farantin, ɗigon ya tsaya bai gangara ba.

Sai kukan da ka fi ƙwarewa a kai, na tsadar sukari da rashin wuta. Sukari da tsada, ban musa ba, amma jam ba tuwo ba ne da za ka yi masa loma irin taka. Cokali ɗaya ya isa shafa biredi, ƙaramar kwalba ta kai gida guda kwanaki. In aljihu ya yi kuka, a haɗa da mazarƙwaila, sai dai launin zai yi duhu. Maganar firji kuwa, an yi jam tun ba a san lantarki ba. Sukari in ya yi yawa yakan tsotse ruwan da ƙwayoyin cuta ke rayuwa da shi, sai su kasa yaɗuwa. Sharaɗi dai a tafasa kwalbar da murfinta, a bar su su bushe, a ɗura jam da zafinsa, a ɗaure gam. In an buɗe, a riƙa ɗiba da busasshen cokali mai tsabta, a hana ka sa yatsa.

Kada kuma ka ce mini wannan aikin Turawa ne. Wa ya koya wa kakanninmu dafa ɗinya har ta zama maɗi, a ja alewa da shi? Wa ya nuna wa manoman rake yadda ake tafasa ruwansa ya daskare ya zama mazarƙwaila? Matan Gaya da Ajingi suna yanka tumatir da kuɓewa su shanya saboda rani, suna adana kuka da daddawa shekara guda. Ilimin tanadi yana hannunsu tuntuni, ɓaure ne kawai aka raina saboda ba a shuka shi ba, ba a kuma saye shi ba. Tarihi ma ya ce maƙeran Gaya ne, Abagayawa, suka tafi Dutsen Dala neman tama, har aka ce daga sunan ɗayansu birnin Kano ya samo suna. Jikan mutanen da suka narka dutse suka fitar da ƙarfe bai kamata tukunyar ɓaure ta gagare shi ba.

Wa zai ci, in ji ka? Kai ne na farko. Bayanka akwai yaran da ke lasar yatsa a kan masa da funkaso, da masu shayin tasha da ke neman abin shafa wa biredi, ga kasuwar Wudil duk Juma'a. Wadda ta iya na ɓaure ta iya na mangwaro da gwaiba, waɗanda su ma sukan yi yawa lokaci guda, farashi ya faɗi, a zubar. 'Yar riba ce ga macen da ke cikin gida, jarinta tukunya da itace da kwalaben da ake yasarwa.

Saboda haka ka karanta wa uwargida wannan takarda tun daga sama har ƙasa, ban da tsallake inda aka ambaci lomarka. Ka kuma aika wa matar Kawu kwafi, don na tabbata Ajingi za ta riga Gaya ɗora tukunya. Kai aikinka hawa bishiya da faskare da sayen sukari. Kuɗin shararka na bana kuwa suna nan a ajiye, ba za su taso ba sai na ji daga bakin Gwaggo cewa ta ɗanɗana.

Ka gaishe ta da kyau, ka roƙa mini addu'arta. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya sada mu da alheri.

Ni ne ubangidanka,
Taubashinka na Izmir.