Boka Ake Nema Ko Akanta?

Kakar ɗaukar sabbin ma'aikata ta zagayo, matasa sun duƙufa da haddar amsoshi kamar masu shirin musabaƙa, kowa na fatan a kira shi intabiyu a kamfanonin akanta irin su Deloitte, PwC, EY ko KPMG. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro a makon nan shi ne tambayar nan da ta ƙi tsufa a duk ɗakin intabiyu: "Ina kake ganin kanka nan da shekara biyar?" A duba wanda ake yi wa ita. Yaro ne da ya shiga jami'a da lissafin shekara huɗu, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU ya cinye masa kusan wata tara a 2020, ya dawo ya ƙara wata takwas a 2022. A idonsa dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ya gama bautar ƙasa yana haki, ya tarar sanarwar neman aiki ta ce kada a wuce shekara 26. Shi ne kuma za a tsare da ido a ce ya faɗi gaibu. In ya ce "Allah ne masani," ya faɗi gaskiya, ya kuma faɗi jarrabawa.

Za a ce ai ba duba ake so ya yi ba, burinsa ake aunawa. To, madalla. Sai dai in mutum ɗari suka shigo, ɗarin nan manaja za su zama, a wannan kamfani mai albarka, kuma duk a bidiyo ɗaya suka koyo burin a YouTube. Rabinsu fasfo na aljihu, ana jiran bizar Kanada. Haka zancen "mene ne rauninka?" Har yau ba a samu wanda rauninsa barcin safe ba ne, kowa cutarsa ɗaya, wai son aiki ya yi masa yawa, in bai kammala abu tsaf ba barci ba ya ɗaukarsa. Abin haushin, kamfanin da sana'arsa bankaɗo lissafin bogi, wanda ba ya yarda da cefanen naira dubu sai ya ga rasit, shi ne zai zauna yana gyaɗa kai yana rubuta wannan a takarda. Yaron da aka rene shi a kan yabon kai jahilci ne kuwa, da ya yi ƙasa da kai don ladabi an gama da shi: ba shi da ƙarfin gwiwa.

Wasu kuma su ce kowa ya san wasa ne, natsuwa da fasali ake dubawa. In haka ne, kwat ake yi wa intabiyu, kuma a nan akwai zalunci babba. A kowace unguwa akwai baƙin kwat guda da ke yawo hannu-hannu, ya je Legas, ya je Abuja, ya sha gumin dogo da gajere, hannunsa ya haɗiye yatsun wannan, ya tsaya wa wancan a gwiwar hannu. Ba ɗan digirin da ya kai shi ƙwarewa, amma ko takardar ban haƙuri ba a taɓa aiko masa ba. Yanzu da aka koma Zoom ma rabinsa aka sallama, don wandon ya daina fita. Sama kwat da laktaye, ƙasa gajeren wando da silifa, janaretan maƙwabci na ruri, ɗan takara na rantsuwa cewa ya iya aiki cikin matsi.