Amurka Ta Yi Jifa, Mu Muka Gurfana Gaban Mai Unguwa

A Sakkwato duban sama ba wasan yara ba ne. Garin da duk Najeriya ke kasa kunne ta ji ko Sarkin Musulmi ya ce an ga wata ba ya rasa masu kaifin ido. Akwai tsofaffin da za su dubi Kaza da 'Ya'yanta su gaya maka ko shuka ta kusa, ba su taɓa riƙe kalanda ba. Saboda haka da muka kafa ƙungiyar masu kallon taurari a unguwarmu, gani muke gadon gida muka ɗauko. Mu uku ne: ni, da wani malamin kimiyya na sakandare da muke ce wa Shugaba, da telan bakin layi, wanda ya zama mamba don a shagonsa muke zama kuma ya rasa yadda zai kore mu.

A ƙarshen Yunin 2005 Shugaba ya sauka daga kabu-kabu da takardun da ya bugo a shagon intanet, yana haki. Hukumar NASA ta Amurka ta harba wani kumbo mai suna Deep Impact tun ranar 12 ga Janairu, ya tasam ma wata tauraruwa mai wutsiya da ake kira Tempel 1, wadda wani Bajamushe, Wilhelm Tempel, ya fara gani a 1867. Dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura mai faɗin kusan kilomita 6, yana zagaya rana duk shekara biyar da rabi. In ya kusanci rana sai zafi ya tayar da tururi da ƙura daga jikinsa, wutsiyar ke nan. Masana na son sanin abin da ke cikinsa, sai suka yanke shawarar da kowane yaro zai yanke: a jefe shi a ga abin da zai fito. Makamin jifan kilo 370 ne, nauyin buhun gero kusan huɗu, babu nakiya a ciki. Sun zuba masa tagulla da yawa don ba a tsammanin samunta a jikin tauraruwar, kada ta rikita musu awo. Kuma an roƙi masu kallon sama na duniya, har da 'yan sha'awa irinmu, su sa ido.

Muna da kayan aiki. Shugaba ya haɗa madubin hangen nesa da bututun roba na masu gyaran famfo, da babban gilashi a baki, da ƙaramin gilashin mai gyaran agogo a wajen ido. Tela ya ba da ƙafar tsohon keken ɗinki, muka ɗaure bututun a kai da tsagin robar taya. Saura wurin tsayawa, kuma babu soro mai tsawo a layinmu sai na kawuna.

Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ajiye carbi. "Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba. Wadda tat taho 1986, shekarar ba ta ƙare ba sai da naira tak karye. Wancan gani na kawai. Yanzu jifa za a yi?" Shugaba ya so ya kwantar masa da hankali, sai ya ƙara wa wuta fetur. Ya ce akwai faifai a jikin makamin mai ɗauke da sunayen mutum 625,000, kuma tuni ya aika da namu, har da na Kawu don girmamawa. Kawu ya daɗe yana kallonsa. Daga bisani ya ce mu hau, amma in wani abu ya faɗo, bai san mu ba.

Jifan ya auku ranar Litinin, 4 ga Yuli, da ƙarfe 6:52 na safe agogon Najeriya. Rana ta riga ta fito a Sakkwato, mutanen tsibirin Hawai ne ke cikin duhu suna morewa. Rabonmu sai dare, lokacin da ake sa ran ƙurar da ta tashi za ta ƙara wa tauraruwar haske. Bayan isha'i muka yi ta fama da ƙafar keke a kan tsani. Ƙarshen wata ne, babu farin wata, hadari kuma ya tsaya can gabas yana walƙiya. Abin da ya rage a ɗauke wuta. Ranar ce kaɗai a rayuwata na roƙi Allah a ɗauke ta, ranar ce kuma ta zauna daram, kowane gida ya kunna ƙwansa kamar da gayya. Sai wajen ƙarfe tara unguwa ta yi duhu. Ko'ina tsaki ake yi, mu uku muna hamdala.

Taswirar Shugaba ta ce tauraruwar na kudu maso yamma, kusa da tauraron Simaku, Mushtari kuma na can gefe yana ƙyalli. Tempel 1 ba a ganinta da ido, don haka Shugaba ya ce mu fara gwada madubin a kan Mushtari. Ya saita, ya janye, tela ya sa ido. Mutumin da bai taɓa yarda da komai namu ba sai ga shi ya ga watannin Mushtari, waɗanda Galileo ya gano a 1610. Ya buɗe murya iya ƙarfinsa.

"La'ilaha illallahu! Na gane su! Su huɗu na, uku jere, guda ta ware waje ɗaya! Wallahi farare tas!"

Ya yi tsalle, gwiwarsa ta bugi ƙafar keke, roba ta saki, bakin bututu ya sunkuyo a hankali ya tsaya yana fuskantar tsakar gidan da ke kudu maso yamma da na Kawu. Gidan wani Alhaji ne mai fataucin fata. Gida ne na ba-shiga. Matansa huɗu, kuma zafi ya koro su tsakar gida. Hasken tocila ya dallo mu, ya bi bututun daga baki har zuwa idon tela. Kafin mu sauko an cika ƙofar gida, hadarin da ke jira kuma ya rufe sama ya kece da ruwa. Shi ya cece mu a daren.

Da hantsi muna zauren mai unguwa, bututu a tsakiya a matsayin shaida. Alhaji ya fara. "Ranka shi daɗe, da kunnena nij ji. Huɗu yac ce, guda ta ware. Kuma amarya ta ware, don sun yi faɗa da uwargida tun la'asar. Wa yag gaya mishi in ba gani yay yi ba?"

Shugaba ya miƙe da takardunsa. Ya ce abin da muke nema na nesa da mu kilomita miliyan 133. Ya ce an yi karon ne a gudun kilomita 10 cikin daƙiƙa guda. Ya ce in an bi gaskiya ma Amurka ba ta yi jifa ba, ajiye makamin ta yi a kan hanya tun kwana guda kafin lokaci, tauraruwar ce ta zo ta banke shi. Mai unguwa ya gyara rawani. "To ai wanda ya aje kaya bisa hanya shi ad da laifi. Amma ba shari'ar Amurka aka yi nan ba. Ku kun ga tauraruwar?" Muka ce ba mu gan ta ba. "Kuna da shaidu kun ga waɗanga watanni?" A garin da ko jinjirin wata ɗaya sai an tantance shaida, mun zo da huɗu, shaidarmu kuma shi ne wanda ake ƙara.

Mai unguwa ya ce a ba shi bututun. Ya saita shi ƙofar zaure inda wani jaki ke tsaye, ya leƙa, ya ja da baya da salati. Jaki na rataye, ƙafafu sama. Shugaba ya yi bayani cewa madubin taurari mai gilashi biyu irin wannan kife hoto yake yi, kuma masana ba su damu ba tunda sama ba ta da kai da ƙafa. Na ɗauka mun kuɓuta, don mai leƙen gidan mutane ba zai zaɓi abin da ke juya su ba. Alhaji ya karɓa ya leƙa, ya ga jakin, ya ɗan yi shiru yana lissafi, sannan ya ɗora hannu a ka. "Ashe a kife kunka gane su!"

Hukunci ya fito kashi biyu. Duk mai son kallon sama ya tafi fadamar Kwalkwalawa, inda ba kowa sai sauro. Kuma tunda an hau soro ba a yi wa maƙwabta gafara ba, kamar yadda ko mai yaɓen rufi ke yi, a ƙara wa katangar Alhaji tsawo da kuɗinmu. Tela ya ce shi baƙo aka gayyato. Shugaba ya ce ba a yi albashi ba. Soron na kawuna ne.

Daga baya na ji wata 'yar duba a Rasha, Marina Bai, ta kai NASA kotu tana neman diyyar dala miliyan 300, wai an ɓata mata lissafin taurari. Kotun Mosko ta yi watsi da ƙarar. Ita kuma NASA ƙurar da ta tayar ta yi yawa har ta rufe ramin da jifan ya haƙa, kumbon ya wuce bai gan shi ba. Sai a Fabrairun 2011 wani kumbo, Stardust, ya bi ta wajen ya hango shi, faɗinsa kamar mita 150. Na kai wa Alhaji wannan labari, don ya san ko masu abin ba su ga ramin nasu ba a ranar. Ya tambayi nawa suka kashe, na ce sama da dala miliyan 300. Ya girgiza kai ya ce aƙalla ni nawa kuɗin ya ga inda suka shiga, kuma ɓangaren yamma na katangar ya fara tsagewa, in ina da sauran siminti.