Hasumiyar Da Ta Koma Rijiya

A shekarar farko ta jami'a akwai wani kwas ɗin lissafi da ba ruwansa da abin da ka zo karantawa. Ko injiniya kake son zama, ko mai haɗa magunguna, ko malamin kimiyya, dole ka bi ta gabansa ka gaishe shi. Yana farawa da aljabara da lissafin kusurwa, abubuwan da kowa ke rantsuwa ya gama da su tun sakandare, sannan ya lallaɓa ya jefa ka cikin kalkulas babu ko sallama. Ni kam ban ɗauke shi a bakin komai ba. Bakatsine ne ni, kuma na san labarin Muhammadu al-Katsinawi, malamin nan da ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Saboda haka na ƙudurta a raina cewa abin a jini yake. Ashe gadon bai biyo ta unguwarmu ba.

Malaminmu mutum ne mai kirki, sai dai yana da wata kalma da ta fi bulala zafi. Zai cika rabin allo da rubutu, ya juyo ya ce, "Daga nan kuma a fili yake," sai ya rubuta amsa. Mu da ke can ƙarshen zaure, inda ko muryarsa sai iska ta ga dama take kawo mana, mu gyaɗa kai. Duk wanda ka kalla yana gyaɗa kai, kai ma sai ka gyaɗa, don kada a ce kai kaɗai ne filin bai bayyana gare ka ba.

Da aka kafe jadawalin jarrabawa, sai kowa ya nemi mafaka. Tamu mafakar wani ɗalibi ne da muke kira Farfesa. Ya girme mu a makarantar, kuma ya san kwas ɗin ciki da bai, domin ya sha maimaita shi. A lokacin babu wanda ya tsaya ya yi tunani a kan wannan batu. Mu dai mun ga mutum da tsofaffin tambayoyin shekaru a cikin jakar leda, yana zama gindin dalbejiya bayan la'asar yana koyarwa, kowa da ɗan abin da yake ajiyewa na shan ruwa.

Gaskiya Farfesa ya iya baki. Shi ya koya mini dokar da na fi ƙauna a duniya: ka sauko da lambar da ke sama, ka rage mata ɗaya. x² ta zama 2x, x³ ta zama 3x². Na ce ashe wannan ne kalkulas ɗin da ake ta tsorata mu da shi? Daɗin nasara ya kwashe ni, har da ya ba mu sin x bisa x ya ce mu nemo inda ta dosa idan x ta kusanci sifili, na soke x ta sama da x ta ƙasa, na miƙa masa "sin" tsirara. Ya daɗe yana kallon takardar.

"Ƙanena," in ji shi, "amsar ɗaya ce. Wannan da ka kawo ko sunan lamba ba shi da shi."

Ranar ce ya koya mana dokar L'Hôpital, ya haɗa mana da tarihinta. Wani basaraken Faransa ne ya buga ta a littafinsa a 1696, amma ainihin mai ita Johann Bernoulli ne, wanda basaraken ke biya albashi don ya riƙa turo masa abin da ya gano. Labarin gaskiya ne. Sai dai Farfesa bai kawo shi don ilimi ba. Yana gamawa ya ce, "To kun ji, biyan kuɗin lissafi ba yau aka fara ba," ya miƙo hula.

Abin da ba a faɗa wa sabon ɗalibi shi ne, sabon abu a tambayar kalkulas yawanci layi ɗaya ne. Sauran layukan duk tsohon bashi ne na sakandare: haɗa ɓangarori, buɗe baka, lura da alamar ragi. A nan ake zubar da jini. Cikinmu akwai masu buɗe (a + b)² su sami a² + b², su bar 2ab a hanya ba ko waiwaye, kuma da sunan injiniya za su fita.

Ni sai na koma ga abin da na iya, wato hadda. Na ɗauki amsoshin tsofaffin tambayoyi na yi musu irin karatun makarantar allo, ina rangaji ina maimaitawa. Akwai wata tambaya da ke yawan dawowa: manomi na da waya mita 100, yaya zai kewaye fili mafi girma? Amsa: kowane gefe mita 25, faɗin fili 625. Na haddace ta har ina iya kawo ta daga ƙarshe zuwa farko. Dalilin da ya sa 25 ce kuwa, na bar wa manomin.

Daren jajibiri muka yi abin da ɗalibai ke kira tidibi, karatu har gari ya waye. Na tanadi goro, na dama Nescafé mai kauri, na kuma ɗebo ruwan sanyi a bokiti na tsoma ƙafafuna, don an ce barci ba ya ɗaukar mai jiƙaƙƙiyar ƙafa. Wajen tsakar dare aka ɗauke wuta, sauro suka karɓi aiki. A hasken tocila na riƙa tsine wa annobar da ta sa aka rufe jami'ar Kambirij a 1665. Mutum ya sami hutu har na kusan shekara biyu a ƙauyensu, maimakon ya yi barci kamar kowa, sai Newton ya zauna ya ƙirƙiro mana wannan masifa. Bajamushe Leibniz kuma ya ƙirƙiro ta daban, ya buga a 1684, har suka yi ta rigima a kan wa ya riga wani. Da ni ne, ɓoyewa zan yi in ce ba ni ba ne.

Maganar bokiti ƙarya ce. Kiran assalatu ne ya tashe ni, ƙafafuna sun yi fari fat sun yamutse, kalkuletata kuma tana kwance a ƙasan ruwa tsakaninsu.

Na ruga wurin Farfesa. Ya buɗe akwati ya ɗauko wata tsohuwar kalkuleta, ya goge ta da gefen riga.

"Ina da sabuwa, riƙe wannan. Da ita na shiga duk jarrabawar da na yi a kwas ɗin nan. Ta san hanya."

A zauren jarrabawa ina buɗe takarda na ga manomina da wayarsa mita 100. Na yi hamdala, na zuba 25 da 625 tun kafin na kusa da ni ya ƙarasa rubuta sunansa. Sai da na sake karantawa na ga bana manomin ya sami ci gaba: filinsa ya jingina da katanga, gefe uku kawai zai kewaye. Amsar 25 da 50 ce, fili 1250. Hadda ba ta san katanga ba. Na bar 25 ɗina a wurin, da fatan za a tausaya mata.

Sai tambayar hasumiya. Mutum na tsaye mita 50 daga gindinta, yana hangen ƙololuwarta a kusurwar digiri 30, a nemo tsayinta. Wannan kam sadaka ce: 50 sau tan 30. Na danna. Kalkuleta ta ce −320.

Na share na sake dannawa. Ta nanata. Na girgiza ta, na hura mata iska, har mai sa ido ya matso ya tsaya a kaina.

"Lafiya, malam?"

"Lafiya lau, yallaɓai."

Na zauna na yi nazari irin na mai hankali. Na'ura ba ta ƙarya, ni kuwa ban yi barcin kirki ba, saboda haka idan aka sami saɓani tsakaninmu ita ce da gaskiya. Tsayi mai alamar ragi kuwa ma'anarsa ƙasa aka nufa. Na tuna malamin ya sa katanga a tambayar manomi, wato mutum ne mai son tarko. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar, na ƙara da bayani cikin ladabi cewa bisa ga lissafi, abin da ake kira hasumiya a tambayar nan rijiya ce mai zurfin mita 320.

Da muka fito na ji kowa na cewa 28.9. Na yi murmushin wanda ya hango abin da jama'a ba su hango ba, na ce su dai jira sakamako. Wata 'yar ajinmu, wadda ba ta taɓa zuwa gindin dalbejiya ba, ta ce in ba ta kalkuletar. Kallo ɗaya ta yi mata.

"Malam, ka ga wannan ɗan harafin R a sama? A radiyan take, ba a digiri ba."

Ta yi mana bayani a tsaye: digiri 180 radiyan 3.14 ne kacal, don haka radiyan 30 ya kusa zagaye biyar. Wato mutumin da ke cikin lissafina ya yi ta wulwula kansa yana katantanwa kafin ya ga abin da ya gani. A kalkulas radiyan ake so, in ji ta, amma tambaya ta ce digiri, sai a juya. Ta danna maɓalli biyu, R ya koma D, hasumiya ta fito daga rami.

Farfesa na tsaye a bayana. Ya karɓi kalkuletar a hankali, ya ƙura wa allonta ido.

"Ƙanwata," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "wai dama harafin nan canza shi ake yi? Ni na ɗauka sunan kamfanin ne."